Gidan da Ba a Cewa A'a

An yi wani mutum a garin nan, mai horar da dawakin tsalle, wanda a gidansa ba a cewa a'a.

Ba zan kama sunansa ba. Manyan cikinku sun san shi. Ƙananan kuma sun san bargarsa, wadda ke bayan filin sukuwa, inda yanzu ake ajiye tarakta da buhunan taki. Ku daina kallon takalmanku, ya 'yan uwa. Na san kun san mahaifina ne. Ni na zaɓi in ba da labarinsa yau, Lahadin da ke gaban sukuwar kaka, tun kafin motocin dawaki su fara shigowa gari, hayaƙin gashin nama ya tashi, kowa ya manta da hanyar coci. Yayana Hynek ga shi can a ƙarshen layi, inda kekensa na guragu ke shiga. Na tambaye shi, ya yarda. Mahaifiyarmu Milada ta ce yau ba za ta zo ba, ni kuma ban matsa mata ba.

Mutumin nan ba mashayi ba ne. Bai taɓa cutar kowa a ciniki ba. Ba ya fashin zuwa coci, yana zama can gaba da hularsa a gwiwa, yana rera waƙa da ƙarfi ko da muryarsa ta kauce. Kuma Allah ya ba shi hannu. Kowace safiya, kafin ya sa komai a bakinsa, zai shiga barga ya durƙusa gaban kowane doki, ya shafa ƙafa daga gwiwa har kofato. In akwai zafi a jijiya, komai ƙanƙantarsa, tafin hannunsa zai ji tun kafin dokin ya fara ɗingishi. Daga garuruwa masu nisa ake kawo masa dawaki saboda hannun nan.

Kun san filinmu. Ba don gudu mutane ke cika shi ba, don tsalle ne. Ga shingayen da kakanninmu suka shuka, ga gonar da ake huɗawa a tsakiya don ta shanye ƙarfin doki, sannan ga Shingen Rafi, inda doki ke tashi daga tudu ya sauka a gangare, ruwa na gudana a tsakani. Doki ba ya ganin inda zai sauka sai ya riga ya bar ƙasa. Mutumin nan ya ci ƙananan tsere da yawa a filin nan da wasu filaye. Babbar sukuwar kaka ce kawai ta ƙi shi, ga ta a bayan katangarsa, kowace shekara baƙi na zuwa suna ɗauke kofin a gaban idonsa.

Tsofaffinmu suna da wata kalma. In doki ya zo gaban shinge ya turje, ba sa cewa ya ƙi. Cewa suke yi ya yi magana. In doki ya yi magana kuwa, sauka ake yi. A duba ƙafafunsa, a duba bakinsa, a zaga bayan shingen a taka ƙasa. Wani lokacin taurin kai ne kawai, sai a sake hawa a nuna masa wane ne a sama. Amma sai an duba tukuna.

Shi wannan mutum ba ya son a yi masa magana, doki ne ko mutum.

Ba ya ɗaga murya sosai, kada ku ɗauka mai hayaniya ne. Kallo kawai yake yi. In ya ce miya ba gishiri, matarsa ta ƙara. In ya sake ɗanɗanawa ya ce gishiri ya yi yawa, ta ba shi haƙuri. Wata shekara ya dubi sama ya ce ba za a yi ruwa ba, a bar ciyawa a fili ta ƙara bushewa. Kowa na ganin hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga yamma. Aka bar ta. Ruwa ya jiƙa ta, ta ruɓe, aka kwashe aka zubar, kuma ba wanda ya sake ambaton ciyawar nan a teburin cin abinci. A mashaya har barkwanci ake yi da shi a bayan idonsa, wai in ya leƙo da tsakar rana ya ce dare ya yi, matarsa za ta kunna fitila, ɗansa ya sa kayan barci.

Lubor maƙeri, mai buga wa dawaki takalmi, ya taɓa gaya masa cewa wani doki bai kamata ya fita tsere ba. Mutumin bai musa ba. Ya dai daina kiransa aiki, ya kuma gaya wa abokansa masu dawaki cewa hannun Lubor ya fara rawa. Lubor na da yara a makaranta. Da aka sake kiransa bayan an daɗe, ya zo da gudumarsa da ƙusoshinsa, ya bar bakinsa a gida.

To, ana nan aka haifi wata goɗiya ja a bargar. Aka sa mata suna Sojka, domin tun tana ƙarama bakinta ba ya shiru, kamar tsuntsun dajin da aka ara mata sunansa. Mutumin na ganin yadda take tsallake kwatami tana wasa, ya ce wannan ce za ta kawo kofin kaka gida.

Da ta isa horo, Hynek ne ke hawanta. Wata safiya ta zo gaban wani ɗan shinge da ba ya kai ƙirjina, ta tsaya cik. Ta yi magana. Mutumin bai ce a sauka ba. Ya ɗauko doguwar bulala. Ya dake ta har ta tsallake, ya ce a sake, ta sake tsayawa, ya sake dukanta. Washegari haka. Duk lokacin da ta rage taku gaban shinge, ko ta karkata kunne, bulala na jiranta. Ya ce shi ba ya kiwon doki mai ra'ayi.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare. Ni nake ba ta dusa tun tana bin uwarta. Wata rana na tsallake katakon da ya kewaye filin horo na shiga, na kama linzaminta.

Na ce, "A'a, Baba. Ta yi magana. A duba ta."

Ya ce, "Me kika ce?"

"Na ce a'a."

Hynek yana kan sirdi yana kallon geza, kamar ba da yarenmu ake magana ba. Mutumin ya naɗe bulalarsa a hankali. Ya ce, "A gidan nan baki ɗaya ne ke magana, Dorota. Sauran bakunan ci suke yi. Ki zaɓa."

Na zaɓa. Na tafi birni wurin Gwaggo Jarmila, ƙanwarsa, wadda ita ma ta taɓa zaɓa tun kafin a haife ni. Na yi barci a kan kujerar falonta, na wanke tukwane a kicin ɗin asibiti da sassafe, na yi karatu da rana. Hannuwana suka tsattsage da sanyi da sabulu. Mama takan buga mini waya in ya fita barga, tana raɗa, tana cewa in yi haƙuri in dawo in ce na tuba, kalma ɗaya ce kawai. Nakan tambaye ta na tuba daga me. Sai ta tambaye ni ko ina cin abinci. Ban koma ba, ban kuma durƙusa ba, kuma da za a mayar da ni wannan safiya, linzamin nan zan sake kamawa.

Daga baya Lubor ya gaya mini abin da ke damun Sojka a wancan lokacin. Wani ɗan haƙori ne ya tsiro mata daidai inda ƙarfen linzami ke zama. In mahayi ya ja don tsalle, sai ya soke ta. Haƙorin ya faɗi da kansa. Darasin ne bai faɗi ba.

Shekaru suka wuce, Sojka ta yi suna. Aka riƙa kiranta goɗiyar da ba ta tsayawa. Ka nuna mata katangar coci ma, za ta tashi. Mutane suna jingina da katako da kofin giya a hannu suna tafa mata, suna cewa mutumin nan ya iya horo. Wasunku kun tafa. Ban ga laifinku ba, domin abin da kyan gani. Amma me kuke tafa wa, ya 'yan uwa? Dabbar da aka cire wa hanya ɗaya tak da take da ita ta cewa akwai ciwo?

Sai shekarar da aka sa ta a babbar sukuwa, Hynek zai hau.

Bazarar shekarar nan ruwa ya yi ƙaranci, ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Duk mai doki ya san ba a matsa wa jijiya a irin wannan ƙasa. Hynek ya sani. Mutumin ma ya sani, amma kofi ya rufe masa ido, ya ce a ƙara mata gudu. Aka ƙara.

Ana dab da sukuwa, wata safiya Hynek ya riga mahaifinsa shiga barga. Ya shafa ƙafar gaba ta hagu, ya ji zafi. Ba mai yawa ba, amma yana nan, a bayan ƙwauri, inda ake tsoro.

Ya gaya mini ya daɗe a durƙushe. Ya ce ya shirya maganar a bakinsa, ya maimaita ta. Sai ya ji tarin Baba daga cikin gida, ya ga kansa yana kwance ragama. Ya ja goɗiyar ta ƙofar baya, ya gangara da ita rafi, ya tsayar da ita a cikin ruwan sanyi har zafin ya kwanta. Ya goge ƙafar da buhu, ya mayar da ita turkenta. Da mutumin ya zo ya durƙusa ya shafa, ƙafa sanyi ƙalau.

Washegari ma haka ya yi, da safiyar da ta biyo.

Ku lura da wannan, domin a nan labarin yake. Hannun da Allah ya ba mutumin nan bai lalace ba. Yana aiki yadda ya saba. Ƙarya aka fara yi wa hannun, kuma ɗansa ne ya yi ta, ba don mugunta ba, don tsoro. Tagar kicin tana kallon hanyar rafi. Mama na ganinsu kowace safiya, saurayi da goɗiya suna gangarawa cikin raɓa, tana yanka burodi.

Amma hannu ne mai wayo. Wata safiya mutumin ya ji ƙafar ta fi 'yar uwarta sanyi. Ya murza gashin da ke bayan kofato, ya ji danshi. Ya daɗe bai tashi ba. Kuma a karo na farko a rayuwarsa, shakka ta shige shi. Ya ji tsoro, irin na uba. Yana so a gaya masa gaskiya.

Ya kira Hynek ya tambaye shi ko ya kai ta rafi. Hynek ya ce ruwa kawai ta sha. Ya tambaye shi ko ya ji wani abu a tafiyarta.

"Lafiyarta lau, Baba."

Ran nan Lubor ya zo buga mata takalman tsere. Da ya ɗaga ƙafar dama, nauyi ya koma hagu, ya ji yadda take neman janyewa. Ya san ma'anar wannan. Mutumin yana tsaye a kansa, ya sassauta murya ya ce, "Lubor, mun daɗe tare. Me ka gani?"

Lubor na da ƙusa a baki. Ya cire ta, ya dube ta, ya ce, "Kofato mai kyau, Maigida. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Gaskiya ya faɗa. Kofaton ba shi da laifi.

Mutumin ya shiga kicin, wurin da ba ya shiga sai cin abinci. Ya zauna. Mama na fere dankali. Ya ce mata zuciyarsa ba ta kwanta da goɗiyar nan ba, ko yana ganin ya janye ta. Ya tambaye ta me take gani. Tun da ta shigo gidan bai taɓa tambayarta me take gani ba. Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta ɗauka tarko ne.

Ta ce, "Kai ka fi sani, Baban Hynek."

Saura wa? Saura goɗiyar. Ya tuna kalmar tsofaffi da ya raina. Ya ce a ransa, in akwai ciwo, za ta yi magana. Ya sa Hynek ya hau, ya nuna mata shingen horo, wancan ɗan shingen na da. Ya tsaya a gefe, ba bulala a hannunsa, yana kallonta da dukan zuciyarsa. Sojka ta zo, ta ga mutumin a tsaye a wurin da ya saba tsayawa. Ta tashi. Ta sauka, ba ta ko girgiza kai ba.

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce a ransa tsufa ne ya fara sa shi tsoron inuwa. Ya tambayi kowa, kowa ya ce lafiya.

Ranar sukuwa gari ya waye da rana mai daɗi. Likitan dabbobi ya sa aka zagaya da ita a gabansa, ta yi tafiyarta daidai, domin ta koyi ɓoye ciwo kamar kowa a gidan. A da'irar da ake hawa, mutumin ya kama ƙafar Hynek ya ɗaga shi kan sirdi. Bai saki takalmin nan da nan ba.

Ya ce, "In ka ji wani abu, ka ja ta. Ka ji ko? Kofi ba komai ba ne."

Hynek ya ce, "To, Baba."

Abin da yake cewa ke nan tun yana koyon magana.

Ni ban zo ba, ina birni. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Hynek na ji, da bakin wasunku. Ta tsallake shingayen farko kamar tana wasa. Ta shiga gonar huɗa tana cikin na gaba. A tsakiyar gonar ya ji takunta ya canza, kaɗan, kamar mutum ya taka tsakuwa a cikin takalmi. Ya tuna abin da aka gaya masa. An ba shi izini. Ya ce mini kansa ya ce ja, amma hannuwansa ba su san yadda ake yi ba. Ba su taɓa yi ba. Ga Shingen Rafi na tahowa, ga mutanen garinmu na kiran sunanta.

Ya ce dab da shingen kunnuwanta sun juyo baya, wajensa, kamar mai tambaya. Sai suka koma gaba. Ta tashi.

Ta tsallake shingen, ta tsallake ruwan, wannan ruwan da ake tsayar da ita a ciki. A gangare ta sauka a kan ƙafar hagu, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ta kife, Hynek na ƙarƙashinta.

Aka kafa koren labule a zagaye da ita. Kun san abin da ake yi a bayan labulen, a nan ake kashe dokin da ya karye. Waɗanda ke kusa sun ce har lokacin tana ƙoƙarin tashi ta ci gaba, domin akwai sauran shingaye. Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a gonar huɗa ya ɗauki Hynek. Ƙashin bayansa ne ya karye. Bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

Da ya farfaɗo a asibiti ya ga mahaifinsa a bakin gado, kun san abin da ya fara faɗa? Cewa ya yi, "Ka yi haƙuri, Baba."

A barandar asibitin Mama ta gaya wa mutumin. Rafi, da buhu, da tagar kicin, duka. Ya jingina da bango. Ya ce mata ai ya tambaye ta, ya zauna a gabanta ya tambaye ta.

Ta ce, "Tun da na shigo gidanka nake ba ka amsar da kake so. Ta yaya zan gane ran nan gaskiya kake nema?"

Ba wanda ya kai shi ƙara. Ba hukumar da ta karɓe takardarsa ta izinin horo. Shi da kansa ya shiga barga bayan kwanaki, ya durƙusa gaban wani doki, ya miƙa hannu, hannun ya kama rawa. Ya ji sanyi, bai yarda da shi ba. Ya ji ɗumi, bai san ko na doki ne ko nasa ba. Masu dawaki suka zo ɗaya bayan ɗaya da motocinsu, da ladabi, suka kwashe nasu. Barga ta zama wurin tarakta.

Sai ya fara wani abu da wasunku suka ɗauka ruɗewar tsufa ce. Zai shiga mashaya ranar Alhamis ya ce yau Talata. Zai dubi sama tana zuba ruwa ya ce yau akwai rana. Zai kira dokin da ya ci kofi bara da sunan da ba nasa ba, shi da ya san kakannin kowane doki a ƙasar nan. In ya faɗa, sai ya ɗaga ido ya bi fuskoki yana jira.

Ku kuma kuka ce, haka ne, Maigida.

A da tsoro ne ya rufe muku baki. Yanzu tausayi ne. Shi a wurinsa duk ɗaya. Bai ruɗe ba, ya 'yan uwa. Nema yake yi. Yana yawo a garin da ya haife shi yana neman mutum ɗaya da zai ce masa a'a, kamar mai neman ruwa, kuma shi da hannunsa ya cike rijiyoyin.

Wace hallaka ce ta wuce wannan? Mutum yana da mata, yana da ɗa, yana da maƙwabta, amma duk inda ya juya muryarsa kawai yake ji tana dawo masa.

Da na gama karatun zama fasto aka turo ni cocin nan, na san abin da aka ce. Wai yarinyar da ta yi wa ubanta rashin kunya ce za ta tsaya a gaban mutane. Wasu suka koma cocin ƙauyen gaba, har yau suna can, Allah ya ba su lafiya. A mashaya aka sa mini suna Fasto A'a. Na ji, kuma ina so ku sani ina amsawa. Na yi wa'azi ga kujeru fiye da mutane a sanyin farko, na kunna murhu da kaina, na share dusar ƙanƙara daga ƙofa. Ban tafi ba.

Na je gidan. Yana zaune a kicin, a kujerar da ke kallon taga, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya dube ni ya daɗe. Bai ce sannu da zuwa ba. Ya ce, "Yau Talata."

Na ce, "A'a, Baba. Alhamis ce."

Ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna. Ya shafa daga gwiwar hannu zuwa yatsu, a hankali, yadda yake yi wa dawaki. Hannun bai yi rawa ba. Daga ran nan nake zuwa kowane mako. Mukan yi musu a kan miya, a kan gwamnati, a kan ko mace ta dace da mumbari. Wani lokacin yana da gaskiya, sai in yarda, shi kuma ya ɓata rai.

Ya 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi.

Girman kai ba sai da ihu ba. Mutumin nan bai ce shi Allah ne ba. Ya dai shirya gidansa yadda ba wanda zai tuna masa cewa shi ba Allah ba ne. Allah, da rahamarsa, yakan kewaye kowannenmu da bakuna: mata, miji, ɗa, ma'aikaci, har dabbar da ke turke. Ba don su ɓata mana rai ya ajiye su ba. Mu ma kamar doki muke a gaban Shingen Rafi, ba ma ganin inda za mu sauka. Wani na gefe ne ke gani. In ka rufe bakinsa yau saboda gishirin miya, kada ka yi tsammanin zai buɗe ranar da ran ɗanka ke kan sirdi. Baki ba famfo ba ne da za ka murɗa lokacin da ka ji ƙishi.

Kai mai gida, yaushe rabon da wani a gidanka ya ce maka ka yi kuskure, kuma ya ci abincin dare lafiya? Ke uwa, in 'yarki ta ce miki a'a, kina dubawa tukuna, ko bulala kike nema? Kai da kake da mutane a ƙarƙashinka, in kowa na cewa lafiya lau, ka taɓa tambayar kanka ko ƙafar a rafi ta kwana?

Ku kuma masu shiru, ina da magana da ku, kuma da ƙauna nake yin ta, domin mahaifiyata na cikinku, yayana na cikinku. A garin nan an yi ta yabon Mama, wai mace mai haƙuri. Ita da kanta ta ce mini a daina faɗa. Ta ce haƙuri shi ne abin da take yi yanzu, ɗaga ɗanta daga gado zuwa keke kowace safiya ba tare da ta zagi kowa ba. Wancan na da, ta ce, tsoro ne da ya sa rigar coci. Mai haƙuri yakan faɗi gaskiya, sannan ya jure abin da ya biyo baya. Zai yiwu ka kwana a kujerar falon wani. Zai yiwu hannuwanka su tsattsage. Ana rayuwa, ni shaida ce.

Mahaifina ya rasu a sanyin da ya wuce, kun raka shi. Ana saura kaɗan, ina gyara masa matashi, ya kama hannuna. Ya ce ya san halina, ya san wata rana zan hau can sama in tona shi a gaban mutanen da ya yi zaman mutunci da su.

Ya ce, "Dorota, kada ki ba da labarin nan a coci."

Ya ɗaga ido yana jira, irin jiran nan.

Na ce, "A'a, Baba. Zan bayar."

Ya lumshe ido. Ya ce, "Madalla."

Ran Asabar, in kuna jingine da katako kuka ga doki ya turje a gaban shinge, kada ku yi masa ihu. Ya yi magana ne. Ku bari a sauka a duba.

Ya Ubangiji, ka gafarta wa bawanka wanda ya gane a makare, ka ba shi hutu. Ka tsare mahaya da dawakinsu a wannan mako, su fita lafiya su dawo da ƙafafunsu. Kada ka bar mu mu kashe bakunan da ka ajiye a gefenmu. Ka ba mai tsoro murya tun da sauran lokaci, ka ba mai iko kunne. Allah ya kiyaye mu da gidan da kowa ke cewa to. Amin.